Injiniya da Abin Wasan Yara

A jami'ar MIT da ke Amurka akwai kwas ɗin da ɗaliban injiniya ke shafe zango guda suna ƙera abin wasan yara. Mai ji zai ɗauka shiririta ce, amma a nan ɗalibin da ya iya lissafin ƙarfe da roba da batir yake gane cewa da sauransa, tunda bai san mai riƙe abin ba.

Shi ya sa darasin ba ya tafiya sai da ilimin halayyar yara. Masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, wanda ya rasu a 1980, ya kasa bunƙasar hankalin yaro mataki-mataki. Daga haihuwa zuwa shekara 2, da hannu da baki yaro ke sanin duniya. Duk abin da ya damƙa, baki zai kai. Wannan ɗabi'a har doka ta haifar. A Amurka da Turai akwai ɗan bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, kwatankwacin maƙogwaron ƙaramin yaro. Duk guntun da ya shige ciki gaba ɗaya, an hana sa shi a kayan wasan 'yan ƙasa da shekara 3. Kamfanin Lego ma da ya fito da Duplo a 1969, ninka girman bulonsa ya yi, don ƙaramin hannu ya iya kamawa, kuma kada a haɗiye.

Daga shekara 2 zuwa 7 lokacin kwaikwayo ne: kara ya zama doki, gwangwani ya zama mota. Nan injiniyoyi suka fi yin tuntuɓe, don hannunsu na ƙaiƙayin ƙara maɓalli da fitila da ƙara. Abin wasan da ke waƙa da tafiya shi kaɗai ya mayar da yaro ɗan kallo. Kwana biyu ya yar da shi, ya koma kan kwalin da aka kawo shi a ciki. A ganina wannan darasi ya fi duk lissafin wuya.

Saboda haka ake kai samfurin abin wasan gaban yara. Ɗalibi ya zuba ido ya ga inda yatsa ya maƙale, da inda aka yi tsaki aka tashi, sannan ya koma ya sake gyara.

Iyaye, in za ku saya wa yaro abin wasa, ku duba shekarun da aka rubuta a jikin kwali kafin ku biya kuɗi.