Famfon da ke riƙe da ran majinyaci a ɗakin tiyatar zuciya

Idan aka ce za a yi wa mutum aikin zuciya, a Indiya ne ko Masar ko nan gida, dangi sukan tambayi sunan likita da yawan kuɗi, shi ke nan. Ba kasafai ake tambaya game da injin da zai karɓi aikin zuciyar ba, alhali a yawancin irin wannan tiyata sai an tsayar da zuciya cak. Injin ne ke janyo jini daga jiki, ya sa masa iskar oksijin, ya mayar da shi ta babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, kimanin lita 4 zuwa 5 a kowane minti ga baligi. John Gibbon ne ya fara cin nasarar aiki da shi a Filadelfiya ta Amurka a 1953. A Najeriya kuwa, an fara tiyatar buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Enugu a 1974.

Babban haɗarin yana cikin tiyon roba da jinin ke bi. Akwai famfo mai 'yan tayoyi da ke zagayawa suna matse tiyo, suna tura jinin gaba. Wannan famfo ba ruwansa da ko hanya a buɗe take ko a toshe, turawa kawai ya sani. Duk wanda ya taɓa taka tiyon injin ban ruwa a fadama ya ga yadda yake kumbura. Idan tiyon jini ya lanƙwashe, ko aka manta da abin matsewa a jikinsa, cikin daƙiƙoƙi matsin zai hau har mahaɗa ta ɓalle. Wani lokaci ma hauhawar matsin alama ce cewa bakin tiyon da ke mayar da jini ya shiga tsakanin bangon jijiya yana yaga ta. Idan kuma ta baya aka toshe, famfon na iya zuƙo kumfar iska, kumfa kuwa in ta kai ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan.

Akwai kuma wani irin famfo, mai juyawa kamar fanka, wanda ba ya tara matsi haka, amma in ya tsaya jini na iya komawa da baya.

Saboda haka ake maƙala ma'aunin matsi a jikin tiyo, wanda zai yi ƙara ya kuma tsayar da famfon da kansa idan an kai iyakar da aka saita, galibi a wajajen 300 a ma'aunin hawan jini. Akwai na gano kumfa, akwai na lura da raguwar jini a tankin injin. Amma ƙararrawa ba ta da amfani in an kashe ta don tana damun mutane, ko in wanda ke zaune gaban injin bai samu horon aikin ba. A ganina, wannan ma'aikaci bai gaza likita muhimmanci ba a waɗannan sa'o'i.

Tambaya ba rashin kunya ba ce. Kafin ka sa hannu a takardar amincewa, ka nemi sanin wanda zai kula da injin da irin horonsa, da yawan irin wannan aiki da asibitin ke yi a shekara, da ko sabon tiyo ake buɗewa ga kowane majinyaci, domin ba a maimaita shi. Ka kuma tambayi shirinsu idan aka ɗauke wuta: ya kamata injin ya kasance da batir, da hannun juya famfo a ajiye kusa da shi.