Kada a Sa Kwamfuta a Gasar Ces ta Duniya

A watan Mayun 1997, a birnin New York, kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya a wasan ces, wato darar Turawa. Ta samu maki uku da rabi, shi kuwa biyu da rabi. A daƙiƙa ɗaya na'urar kan auna yanayin wasa har miliyan 200. Tun lokacin ake tambaya: me zai hana a ba kwamfuta kujera a gasar fitar da gwanin duniya?

A ganina bai dace ba, domin an riga an san wanda zai ci. A 2006 Vladimir Kramnik, zakaran lokacin, ya sha kaye a hannun manhajar Deep Fritz a Jamus, huɗu da biyu. Yau manhajar Stockfish, wadda ake samu kyauta, ta fi Magnus Carlsen nesa ba kusa ba, alhali makinsa na 2882 babu wani ɗan Adam in ban da shi da ya taɓa kaiwa. Haɗa su kamar haɗa doki tsere da mota ne.

Abin da ke zaunar da mutane kallon gasa shi ne ɗan wasa na iya gajiya, ya ruɗe. A Disambar 2024, a Singafo, Ding Liren na China ya fito kare kambunsa gaban Gukesh na Indiya, yaro ɗan shekara 18. A wasa na 14, na ƙarshe, kowa ya sa rai za a tashi kunnen doki. Bayan sa'o'i ana zaune, sai Ding ya tura ɗa guda gidan da bai dace ba. Gukesh ya ƙura wa allon ido kamar bai yarda da abin da ya gani ba, Ding ya dafe kai. Ba a jima ba kambu ya sauya hannu, yaron ya fashe da kuka. Kwamfuta ba za ta yi wannan kuskure ba, kuma ko ta ci ba ta san ta ci ba.

Na'urorin suna da gasarsu, irin su TCEC, kuma manyan 'yan wasa da su suke shiri a gida. Wannan ba laifi. Inda ya kamata hukumar ces ta duniya, FIDE, ta ƙara sa ido shi ne maguɗi: wayar da aka ɓoye a banɗaki kaɗai ta isa ta sa ɗan koyo ya kayar da gwani. Shi ya sa a manyan gasa ake hana shiga da waya, ake kuma caje 'yan wasa a bakin ƙofa.