Madarunfa: Littafin takarda ko na waya, wanne ya fi riƙe amana?

A da, hanyar da littattafan Hausa ke bi su iso Madarunfa sananniya ce: daga kasuwannin Kano su biyo ta Katsina da Jibiya, su shigo Nijar ta Ɗan Isa. Ta nan masu karatu suka san In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Balaraba Ramat Yakubu, kwafi ɗaya ya zaga gidaje har bangonsa ya yage.

Yanzu labari ya koma waya. Marubuta da dama na sakin labaransu kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad, mai karatu a Nijar ya biya da sefa ta Nita ko katin waya.

Shekarar 2023 ta gwada ɓangarorin biyu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an rufe iyaka, kaya suka daina shigowa yadda aka saba. Najeriya kuma ta yanke wutar lantarki, cajin waya ya zama aiki. A watan Nuwamba, manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa ke sayar da littattafai a cikinta, ta rufe.

Waya ta fi sauƙin kuɗi, kuma ita ce ke kai wa ɗan ci-rani a Agadas ko Libiya labarin gida. Amma ta lalace ko a sace ta, an yi asarar abin da ke ciki. Magana Jari Ce kuwa, da Abubakar Imam ya rubuta tun shekarun 1930, har gobe ana cin karo da shi a akwatunan iyaye.