Shin Ko Kun San? Jaruman Roba Masu Faifai a Ƙarƙashin Ƙafa

Shin ko kun san cewa a Amurka da Turai akwai magidanta masu furfura da ke zuba albashinsu wajen tara 'yan mutum-mutumin roba da ba su fi tsawon ɗan yatsa ba? Sunan wasan HeroClix. Kamfanin WizKids ne ya fito da shi a 2002, kuma 'yan wasan su ne jaruman mujallun labarin zane da yaranmu suka sani ta fina-finai: Spider-Man, Batman, Superman, Hulk, Black Panther da sauransu. Jerin farko na jaruman kamfanin Marvel ne, mai suna Infinity Challenge. Kafin shekarar ta fita, na kamfanin DC ya biyo baya da sunan Hypertime.

Shin ko kun san ba a kan waɗannan jarumai aka fara gwada dabarar wasan ba? Jordan Weisman, wanda ya kafa WizKids a 2000, ya fara ne da wasan Mage Knight na mayaƙa da dodanni. Da ya ga kasuwa ta karɓa, sai ya nemi lasisin jaruman da duniya ta riga ta sani.

Sirrin abin yana ƙarƙashin ƙafar kowane jarumi. An dasa shi a kan wani ɗan faifai mai juyawa, da 'yar taga da ke nuna lambobi huɗu: saurinsa, ƙwarewarsa wajen kai hari, ƙarfin kare kansa, da yawan ɓarnar da yake yi. Idan ya sha duka, sai a murɗa faifan, ya yi ƙas, lambobi su sauya. Ɓarna uku, murɗawa uku. Haka za a yi ta yi har tagar ta nuna KO, a ɗauke shi daga fili. Kafin wannan dabara, masu irin wannan wasa da takarda da fensir suke lissafin raunin kowane mayaƙi, wani lokaci lissafin ya fi wasan cin lokaci.

Yawancin jarumai ƙarfinsu raguwa yake yi idan ana murɗa faifan. Amma akwai samfuran Hulk da aka tsara su akasin haka: ka taɓa shi, lambobinsa su hau, domin a labarinsa ma fushi ne ke ƙara masa ƙarfi. A ganina nan ne masu tsara wasan suka fi nuna gwaninta, halin mutum sun mayar da shi lamba.

Launin da ke bayan kowace lamba shi ma magana ne. Kowane launi na nufin wata baiwa ta daban, kuma akwai katin da ke fassara su duka.

Shin ko kun san ƙwayoyin lido biyu ke yanke hukunci? A jefa, a haɗa abin da ya fito da lambar harin jarumi. In ya kai lambar kariyar abokin gaba, duka ya shiga. Shida da shida, ba makawa, har da ƙarin ɓarna. Ɗaya da ɗaya kuwa, mai harin ne zai ji a jikinsa. Kowane jarumi da farashinsa na maki, kuma a wasan da aka saba kowa na haɗa rundunar maki 300, ko dai ƙato ɗaya mai tsada da 'yan rakiya, ko tarin ƙanana.

Yanzu ga inda kuɗi ke tafiya. A rufe ake sayar da kwalin, ba ka san wanda ke ciki ba sai ka biya ka yage: cinikin biri a sama ke nan. Da farko jarumai huɗu ne a kwali, daga 2007 suka koma biyar. Masu abin hannu ba sa sayen kwali ɗaya, ɗauri guda suke ɗauka, duk don neman guda ɗaya da ya yi wuya. Kuma wuyar nan ba daga sama ta faɗo ba, kamfani ne ya ƙaddara ta tun a masana'anta: wannan a buga shi birjik, wancan a buga kaɗan. Roba ɗaya, fenti ɗaya, amma wani ba ya kai dala guda a kasuwar 'yan hannu, wani kuwa sai an ƙirga daloli masu kauri. Mai karatu na iya cewa abin na ƙanshin caca. Ba zan yi musu da shi ba, kuma shi ya sa tsofaffin hannu da yawa suka gwammace su sayi wanda suke so kai tsaye, ko su yi musaya da abokan wasa.

Shin ko kun san a shekarun farko jarumi ɗaya kan zo kashi uku? Sabon shiga mai zobe ruwan ɗorawa a gindinsa, ɗan tsakiya mai shuɗi, da tsohon hannu mai ja. Siffa iri ɗaya, lambobi daban. Jerin Avengers na 2007 ne ya kawo ƙarshen wannan tsari, ya kuma zo da kati ga kowane jarumi, inda ake rubuta baiwarsa ta musamman. Tun daga nan, wanda ya ɓatar da kati ya rage wa kayansa daraja.

Mafi wuyar samu su ne waɗanda masu tarawa ke kira na farauta. A jerin Supernova na 2006 aka ɓoye jaruman Marvel da suka rikiɗe suka zama gawa mai tafiya, irin su Spider-Man da Wolverine, kuma mutum kan buɗe kwalaye rututu bai ci karo da ko ɗaya ba.

Ba duka ne ƙanana ba. A 2004 aka fitar da Galactus, mai haɗiye duniyoyi, wanda tsayinsa ya haura ƙafa ɗaya, kuma a manyan tarukan masoya wasa aka sayar da shi.

Shin ko kun san wasan ya taɓa mutuwa? Kamfanin Topps, mai katunan 'yan wasan motsa jiki, ya sayi WizKids a 2003. A Nuwamba 2008, ana tsakiyar durƙushewar tattalin arzikin duniya, ya rufe shi. Kusan shekara guda babu sabon kaya, har kamfanin NECA na jihar New Jersey ya saye shi a Satumba 2009. Jerin da aka dawo da shi shi ne Hammer of Thor.

Tun 2003 an buɗe ƙofa ga waɗanda ba na Marvel ko DC ba, irin su Hellboy da Judge Dredd. Daga baya Star Trek, kunkurun Ninja da 'yan kokawar WWE duk sun shigo.

A gasar da ake kira ta zamani, ana yi wa tsofaffin jeri ritaya lokaci-lokaci. Jarumin da ake rububinsa bana na iya komawa adon kanta baɗi, farashinsa ya faɗi, sai dai a yi wasa da shi a rukunin da ke karɓar kowa.

A 2019 an yi gasar duniya ta wasan a Graceland, wato harabar gidan mawaƙi Elvis Presley da ke birnin Memphis.

Ba kamar wasan Warhammer na Ingila ba, inda mai saye ke harhaɗa mayaƙansa ya yi musu fenti da hannunsa, jaruman HeroClix a shirye suke fitowa daga kwali. Sai dai robar tana da laushi, takobi ko hannu kan zo a lanƙwashe. Masu tarawa kan tsoma shi a ruwan zafi na ɗan lokaci, su miƙe shi da yatsa, sannan su jefa shi cikin ruwan sanyi ya sandare a haka.