Idan Dandalin da Ka Ƙware a Kai Ya Mutu: Yadda Maginan Manhaja Ke Tsira

A ranar 31 ga Disamba, 2020, kamfanin Adobe ya daina kula da manhajarsa ta Flash Player. Ranar 12 ga Janairu, 2021 kuma ya sa ta daina buɗe komai. Yawancin masu hawa intanet ba su ma lura ba. Amma ga mutanen da suka shafe shekara goma ko sha biyar suna cin abinci da ita, a ranar ce aka kulle kasuwar da suke da rumfa a ciki.

Matasan yanzu ba su san girman Flash ba. Akwai lokacin da kusan duk abin da ke motsi a shafin intanet da ita aka yi shi: tallace-tallace, zanen katun, ƙananan wasanni, har da bidiyon YouTube kafin ya koma kan HTML5 a 2015. Wasan FarmVille da ya ɗauke hankalin mutane a Facebook a kanta aka gina shi, kuma rana ɗaya suka mutu. Wanda ya iya ActionScript, wato yaren da ake rubuta umarnin Flash da shi, ba ya neman aiki. Aiki ke nemansa.

Mutuwar kuwa ba ta zo ba-zata ba. Tun a Afrilun 2010 Steve Jobs ya wallafa buɗaɗɗiyar wasiƙa yana bayyana dalilin da ya sa ba zai bar Flash ta hau iPhone da iPad ba: tana cin batir, tana da ɓarakar tsaro, kuma ba don taɓa fuskar waya aka tsara ta ba. A 2011 Adobe da kansa ya janye ta daga burauzar wayoyi. A 2017 ya sanar da ranar jana'izar. Ke nan an yi shekara goma ana kaɗa gangar gargaɗi.

Waɗanda suka ji kiɗan da wuri sun gano cewa ba komai suka rasa ba. ActionScript da JavaScript 'yan gida ɗaya ne, duk ƙa'idar ECMAScript suke bi. Wanda ya fahimci yadda ake tsara bayanai, da yadda manhaja ke amsa danna maɓalli, da lissafin motsin hoto, sai ya tarar da cewa aikin bai canza ba, suna ne kawai ya canza. Wasu suka koma JavaScript, daga baya TypeScript wanda Microsoft ya fitar a 2012. Masu gina wasanni da dama suka nufi Unity. Masu zane suka ci gaba da manhajar zanen, wadda Adobe ya sauya wa suna zuwa Animate a 2016. Waɗanda suka sha wahala su ne waɗanda suka haddace inda kowane maɓalli yake a cikin manhajar, amma ba su taɓa tambayar me ke faruwa a ƙarƙashinsa ba.

Sai dai gudu da wuri ma ba ya isa, sai an san inda aka dosa. Labarin Nokia ya nuna haka. A Fabrairun 2011 shugaban kamfanin na lokacin, Stephen Elop, ya kwatanta halin da suke ciki da na mutumin da ke tsaye a kan dandamalin haƙar mai da ya kama da wuta, sannan ya sanar da cewa za su bar Symbian su rungumi Windows Phone. Maginan da suka bi Nokia da biyayya sun koyi sabon dandali daga tushe. Microsoft ya sayi sashen wayoyin a 2014, kuma kafin shekarar 2020 ya yi watsi da babbar manhajar wayar gaba ɗaya. An kora su daga gida sau biyu cikin ƙasa da shekara goma. Su kuwa masu rubuta ƙananan manhajojin Java na wayoyi masu maɓalli, irin waɗanda aka riƙa tura wa juna ta Bluetooth a kasuwannin waya, sun fi sa'a, domin Android ma da Java ake gina masa manhaja. Har ita Java ɗin, a 2019 Google ya ce Kotlin ya fi so.

A Najeriya, girgizar da ta fi shiga jikin masu koyo ba daga wani yare ta zo ba, daga kasuwar aiki ta zo. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014, ya yi suna wajen ɗaukar matasa ya horar da su, yana biyan su, sannan ya haɗa su da kamfanonin ƙetare. A Satumban 2019 ya sanar da sallamar ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, bisa dalilin cewa abokan cinikinsa ƙwararru suke nema. Wannan ya faru ne kafin guguwar sallama ta Amurka, inda Meta ya rage ma'aikata 11,000 a Nuwamban 2022, Google kuma 12,000 a Janairun 2023. A Nuwamban 2022 ɗin ne ma Twitter ya sallami kusan dukkan ma'aikatan ofishinsa na Akara, kwanaki kaɗan bayan sun fara shiga ofishin.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, ƙananan ayyukan da sabon shiga ke koyon hannu da su, kamar gyara fom, ko tsara shafi mai sauƙi, ko rubuta gwajin manhaja, na'ura na yin su cikin daƙiƙu. Flash ta kashe kayan aiki ne ta bar sana'ar. Wannan kuwa matakin farko na tsani take cirewa. Wanda ya riga ya hau yana amfani da ita ya ƙara sauri. Wanda ke ƙasa dole ya nuna abin da na'urar ba ta yi da kyau: karanta rubutun umarnin da wani ya bari a hargitse, gano inda kuskure ya ɓuya, zama da mai shago ya fahimci ainihin abin da yake buƙata ba abin da ya faɗa da baki ba.

Masu ba da shawara suna yawan cewa a ci gaba da koyo, kamar koyon kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Yana cin data, yana cin man janareto, yana cin barci, kuma mai iyali ba zai iya ajiye aikin da ke kawo cefane na wata shida don ya koyi wani yare ba. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar ba sa tsalle gaba ɗaya. Suna riƙe tsohon aikin yana ciyar da su, suna gwada sabon a ƙaramin aiki na gefe. Wani lokacin ma tsohon kan ƙara daraja: idan kowa ya gudu, wanda ya rage yana iya gyara tsohuwar manhajar banki ko ta asibiti shi ke yanka farashi. Haka ta faru a 2020, lokacin da jihar New Jersey ta Amurka ta fito tana cigiyar masu iya COBOL, yaren da aka ƙirƙira tun 1959, saboda tsarinta na biyan marasa aikin yi ya kasa ɗaukar cunkoso.

Wata dabarar ita ce rage dogaro da filin aro. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma waɗanda suka gina manhajojinsu a kan Twitter sun shaida haka a farkon 2023, lokacin da aka datse su dare ɗaya aka kuma sa kuɗi a ƙofar da a da kyauta ce. Magini mai lura yana ajiye lambobin abokan cinikinsa a hannunsa, yana da kwafin aikinsa a wajen dandalin, kuma yana karanta sanarwar kamfanoni kamar yadda manomi ke duba hadari.

Mai manhaja a Google Play ma yana da tasa gangar. Kowace shekara Google na ɗaga mafi ƙarancin zubin Android da dole manhaja ta dace da shi, wa'adin kuma yakan cika ne a ƙarshen Agusta. Manhajar da aka bari ba a sabunta ba, sannu a hankali sai ta daina bayyana ga masu sababbin wayoyi. Saƙon gargaɗin yana shigowa ta imel watanni kafin lokacin.