Malam Ya Ce In Same Shi Bayan Magariba

Ina aji biyu a jami'a wani malami ya kira ni ofis, wai takardar jarrabawata ta yi ɓatan dabo, amma in na same shi bayan magariba za a gano ta. Wallahi gabana ya faɗi. Ban je ba, ban kuma faɗa wa kowa ba, don tsoron kada Baba ya ce karatun ya isa haka. Shirun nan ya jawo min maimaita darasin shekara guda cur.

Shi ya sa labarin wata ɗalibar Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya sa ni hawaye. A 2018 duniya ta ji muryar da ta naɗa ta farfesan da ya nemi ta ba da kanta don maki. Jami'a ta kore shi, hukumar ICPC ta gurfanar da shi a kotu a Osogbo, aka ɗaure shi shekara 2. Ba don muryar nan ba, da cewa za a yi sharri ta yi masa.

To ke ƙanwata, kada ki shiga ofis ke kaɗai, ja ƙawarki. Saƙon waya kada ki goge. Ƙara kuwa a rubuce ake kai ta ga shugaban harkokin ɗalibai, ki riƙe kwafi. Kuma ki fara sanar da Umma. Ni da na faɗa wa tawa daga baya, salati ta saka, ta ce, "Haba 'yar nan, me ya hana ki faɗa min tun ranar?"