Ko ka sani? Kyamarar daji ba ta ganin dabba, ɗuminta take ji

Akwai wata 'yar na'ura da masu binciken namun daji ke ɗaure wa a jikin itace su yi tafiyarsu, bayan mako biyu ko wata guda su dawo su tarar ta ɗauki hoton abin da ya gifta dare da rana. Dabarar ta tsufa. Tun wajejen 1890 wani Ba'amurke, George Shiras, yake shimfiɗa zare a hanyar barewa a jihar Mishigan, in ta taɓa shi wuta ta haska, hoto ya ɗauku, kuma a 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74. Ta yau ba ta da zare. Wani ɗan ido gare ta mai jin ɗumi, wanda ke tashi idan abin da zafinsa ya bambanta da na bayansa ya motsa a gabanta. Da dare kuma tana haskawa da irin hasken da idon mutum ba ya gani.

Daga nan rauninta ya fito. Da tsakar rana a kan duwatsun Kagoro, lokacin da dutse ya yi zafi kamar jikin dabba, rema na iya wucewa ba ta sani ba. Ciyawar da rana ta gasa kuwa, in iska ta kaɗa ta, sai ta cika katin ajiyar kyamarar da hotunan banza har batir ya mutu. Maciji da damo sukan kuɓuce mata, don zafin jikinsu na bin na wurin da suke. Sannan 'yan taku kaɗan take gani a gabanta. Saboda haka duk ƙungiyar 'yan sikawut a Kafanchan ko Zonkwa da ke son yaranta su ɗauki hoton namun daji, bin sawu ya kamata ta fara koya musu, kyamara ta biyo baya. Ba baƙon darasi ba ne a wurinsu ma, domin yana cikin littafin da Baden-Powell ya kafa harkar da shi a 1908.

Dubi tunkun jibda. Da dare yake yawo, da wuya a yi ido biyu da shi, amma yana da wata ɗabi'a: wuri ɗaya yake komawa yin kashi, har ya taru tsibi a gefen hanya, cike da ƙwallayen 'ya'yan itace da zobban jikin ƙadandoniya da ya ci. Yaron da ya gane wannan tsibi ya san inda zai ɗaura na'urarsa, daidai gwiwa, ta fuskanci arewa ko kudu don kada rana ta buge ta. Haka sawun dila yake nuna farce a laka, na kyanwar daji ba ya nunawa. Kofaton gada ɗan tsage ne mai tsini. Beguwa kan yar da ƙayarta a hanya. Malaman wannan karatu ba a jami'a suke ba. Tsofaffin mafarauta ne, irin waɗanda ke fitowa a bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, bikin da tun asali yake buɗe lokacin farauta.

Wani zai ce ai wannan koyar da farauta ne ta bayan gida. Maganar na da ƙamshin gaskiya, domin wanda ya san makwancin gada zai iya kafa mata tarkon waya. Sai dai yaran ƙauye ba sa jiran sikawut kafin su iya ɗana tarko. Abin da ba su samu ba shi ne wanda zai yaba musu don sun kawo hoto maimakon nama. Wajibin shugaban ƙungiya shi ne kada a yaɗa ainihin wurin da aka ga dabba mai tsada a kasuwa, irin su ɗankunya.

Wani kuma zai kawo batun tsada da sata, da gobarar daji a lokacin hunturu. Gaskiya ne, kuma wannan ma dalili ne na farawa da sawu, wanda ba ya bukatar batir. Wayar hannu ta isa a ɗauki hoton sawu, a ajiye kwalin ashana a gefensa don a san girmansa, a rubuta rana da wuri. Irin wannan rubutu yana da masu nema. Dajin Nindam kusa da Kagoro sananne ne wurin masana saboda tsuntsayen kurmi da ake samu a cikinsa, irin na dazuzzukan kudu, kuma tun 2015 cibiyar APLORI da ke Jos take haɗa taswirar tsuntsayen Najeriya da rahotannin 'yan sa-kai masu aikowa ta waya. Na'ura ɗaya tak ta ishi ƙungiya guda, muddin an sanar da mai unguwa da mai gonar kafin a ɗaura ta, tunda mutanen da ke bin hanyar ma tana ɗaukarsu.